Rasuwar 'Yar Kambaza, Randar Ɗakin Malamai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har baki, kamar yadda marigayiyar kan cika kowace safiya, Malama Tabita Daniel, malamar aikin gona a wata makarantar sakandare da ke Kalgo, take sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗaga moɗa a ɗakin malamai, rasuwar randarta wadda aka fi sani da 'Yar Kambaza. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na rana, bayan jinyar kusan mako uku, tana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki. Ta cika a kan yashin da ta saba zama, a gaban mutum shida da ƙadangare ɗaya.

An haifi marigayiyar a Kambaza ta ƙasar Gwandu, a hannun Inna Kubura maginiyar tukwane, daga yumɓun fadama. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta ƙare rayuwarta a tsakiyar malamai, kuma babu wanda ya taɓa kama ta da kuskuren nahawu.

Waɗanda suka san makarantar kafin zuwanta za su tuna yadda harabar take. Kowane malami yakan sha fiya wata huɗu ko biyar kafin a tashi: ya ciji kusurwa, ya zuƙe, ya cilla ledar ta taga. Ɗalibai suka ga abin da na gaba ke yi, suka ɗora a kai. Ledoji suka maƙale a rassan dogon yaro har baƙo ya ɗauka fure ne. Da damina ta sauka sai suka haɗa kai suka toshe lambatun bayan ofis, ruwa ya rasa hanya, ya shigo ɗakin malamai ba sallama. Ya tafi da takardun jarabawar aji biyu, ya haɗa da takalmin shugaban makaranta, Malam Usman, ƙafar hagu. A wannan makon ne kuma akuyar da Malama Tabita take kiwo a bayan gidajen malamai ta kumbura ta kwanta. Aka yanka ta da gaggawa, mahauci ya buɗe cikinta, sai ga leda cunkus, wasu ma ana iya karanta rubutun jikinsu.

Malama Tabita ta yanke shawarar sayo randa. Ranar Asabar ta kama hanyar Kambaza, inda aka kwatanta mata gidan Inna Kubura. Tsohuwar ta jera mata randuna bakwai a tsakar gida, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Shida suka amsa yadda randa ke amsawa. Ta bakwai ta ce ƙauuu, muryar ta daɗe tana yawo a cikinta kafin ta kwanta.

“Wagga ce taki, ɗiyata,” in ji Inna Kubura. “Ki riƙe ta da amana. Ba ta son kome sai inuwa da iska.”

A bayan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu mai suna Sambo aka kawo ta. Malama Tabita ta rungume ta a cinya tun daga Kambaza har Kalgo, kowane rami suka faɗa sai ta ba randar haƙuri kafin ta yi wa Sambo faɗa. Shi dai har yau yana cewa bai taɓa ɗaukar fasinjar da aka girmama haka ba.

Gaskiya ta tilasta a faɗa cewa ba kowa ne ya yi murna da zuwanta ba. Malam Haruna, malamin lissafi, ya kewaya ta sau biyu hannu a baya, ya ce, “Malama, mu da muka yi digiri, a ce mun koma shan ruwa irin na kakanninmu?”

“Kakanninka ba su toshe lambatu ba, Malam,” in ji Malama Tabita. Ta buga ƙusoshi a bango, ta ce kowa ya kawo kofinsa daga gida ya rataye, moɗa kuma ta ɗiba ce kawai, duk wanda ya kai ta baki shi da ita.

Shekara ɗaya da rabi Malam Haruna ya yi yana riƙe da aƙidarsa, yana shigowa da fiya watansa a aljihun babbar riga. Sai wata rana cikin Afrilu, lokacin da ko ƙadangare ke tafiya a kan farce saboda zafin ƙasa, Malama Tabita ta dawo ɗaukar alli da ta manta, ta tarar da shi a durƙushe gaban randa, ruwa na bin gemunsa.

“Zurfinta nake aunawa,” in ji shi. “Darasin gobe ne.”

“Kofi nawa ya kama?”

“Na kai biyar, ban ga ƙasa ba tukuna.”

Daga ranar ya zama babban masoyin marigayiyar. Shi ne mai kai ƙarar duk wanda ya bar faifai a buɗe, shi ne mai yi wa sababbin malamai huɗuba a kanta tun kafin a nuna musu kujerar zama. Iyalan suna roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin kada ya yi wa bawan Allah hukunci mai tsauri idan ya kai ga abin da ke tafe.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai kawaici, mai wadatar zuci. Ba ta taɓa neman mai ba, ba ta taɓa neman waya a bango ba, ba ta yi wa kowa hayaƙi ba. A ɗauke wuta ko a kawo, duk ɗaya ne a wurinta, ba ta ma san ana yi ba. Abin da take buƙata bai wuce a wanke ta ranar Juma'a, a jefa mata saiwar jema, a yayyafa wa yashinta ruwa ba. Ba ta san bambanci ba: wanda ya fito daga masallaci da wanda ya fito daga coci, shugaba da mai gadi, sanyi ɗaya take ba su. In azumi ya kama, abokan aiki Musulmi sukan cika gorunansu daga cikinta lokacin tashi don buɗa-baki, ita kuma Malama Tabita takan juya baya in za ta sha nata, saboda kara. A taron malamai kuwa, marigayiyar ta ji abubuwa da dama. Ta ji wanda aka ce ba ya shiga aji, ta ji wadda aka ce ta fi son wayarta da ɗalibai, ta ji abin da ake faɗa a kan Malam Usman da zarar ya fita. Ta tafi da su duka a cikinta.

Maganarta kaɗan ce. Da safe in ana zuba mata ruwan burtsatse takan ce ɓul, ɓul, ɓul, muryar na ƙara siriri har ta ƙoshi. In moɗa ta shiga takan ce tsulum. In ɗaki ya yi tsit, ana gyaran takardun jarabawa, sai a ji ta can a kusurwa tana ɗis, sai an jima kuma ɗis, kamar mai lazimi.

Cikin shekara uku da zuwanta aka girke wasu randuna a barandar azuzuwa, ledoji suka ɓace daga rassan itatuwa, lambatu ya koma aikinsa. Ba ta taɓa yin alfahari da wannan ba.

Ta ga jarrabawar rayuwa ita ma. A shekararta ta bakwai tsofaffin ɗalibai suka kawo gudummawar na'urar sanyaya ruwa, fara sol, mai famfo biyu, ja da shuɗi. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka tura 'Yar Kambaza baranda kusa da tsintsiya. Malama Tabita ta kwana uku ba ta shiga ɗakin ba, tana gyaran takardunta a baranda kusa da randar. A rana ta huɗu wuta ta tafi. Aka murɗa shuɗin famfo, ruwa mai ɗumi. Aka murɗa ja, shi ɗin ne dai. Ɗaya bayan ɗaya malamai suka fara fita baranda da sunan shan iska, kowa da kofi a bayan riga. Kafin mako ya zagayo Malam Usman da kansa ya kama gefe ɗaya aka mayar da ita mazauninta. Ɗis kawai ta ce.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga ƙauna, kuma wannan shi ya fi yi wa iyalan ciwo.

A bana labari ya zo cewa baƙi za su taso daga Birnin Kebbi a Ranar Muhalli ta Duniya, su ga makarantar da ta rabu da leda. Malam Haruna ya dubi randar, ya ga jikinta ya yi duhu, ga gansakuka a gindi, ya ce a ransa bai dace gwarzuwar rana ta tarbi baƙi da tsohuwar riga ba. Bai shawarci kowa ba, domin yana so abin ya zo wa Malama Tabita da ba-zata. Ranar Asabar ya karɓi makulli wurin mai gadi, ya zo da gwangwanin fentin mai, kore shar, launin da ya ji an ce shi ne na masu kare muhalli. Ya shafe ta tun daga wuya har gindi. Ya bari ta bushe, ya ƙara shafi na biyu. Sannan ya rubuta MU KARE MUHALLI da farin fenti a jikinta, da rubutu mai kyau ƙwarai, domin ba a raina hannun Malam Haruna a allo.

Da Malama Tabita ta shigo ranar taron, ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta ta zame daga kafaɗa. Ta buɗe baki ke nan sai ga motar baƙi. Aka yi jawabai, aka yaba, baƙi suka ce ba su taɓa ganin randa mai kwalliya haka ba, Malam Haruna yana ta gyara hula. Daga ƙarshe aka ɗebo wa babban baƙo ruwa domin ya ɗanɗana sanyin da ya ji labari. Ya kai baki. Ruwan kamar wanda aka dafa wa mai jego, ga ƙanshin kananzir a kai. Mutumin kirki ne, ya haɗiye, idonsa ya kawo ƙwalla, ya ce lallai wannan ruwa na daban ne.

Ga waɗanda ba su sani ba, kamar yadda Malam Haruna bai sani ba: da zufa randa take sanyaya ruwa. Ruwan yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska ta busa ta kwashe zafin. Shekara goma sha ɗaya 'Yar Kambaza tana yi wa mutane gumi, rana ɗaya aka toshe mata kowace ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Ɗis ya ɗauke. Yashin gindinta ya bushe. Tsakanin Malama Tabita da Malam Haruna gaisuwa ta koma ina kwana, lafiya, ba gajiya, ba iyali, ba aiki, abin da ya sa ɗakin ya yi wa kowa ƙunci. A ranar Laraba aka ga ledar fiya wata guda ɗaya a ƙarƙashin taga. Ranar Juma'a suka zama tara. Malama Tabita ta tsince su da hannunta, ta jera a kan teburin Malam Haruna, shi kuma ya zauna yana kallonsu har aka tashi.

Washegari ya zo ƙofar gidanta da motar ɗan uwansa, ya shimfiɗa katifa a baya. “Malama, mu kai ta gida,” in ji shi. “Wadda ta gina ta ba za ta rasa dabara ba.”

Inna Kubura ta tsufa ƙwarai, sai da aka kawo mata randar har gaban tabarma. Ta shafa jikin, ta shinshina tafin hannunta, ta ƙwanƙwasa. Randar ta ce ƙwaf, kamar an bugi kabewa.

“Mi kunka yi mata?”

“Fenti ne, Inna,” in ji Malama Tabita.

“Wa ya shafa?”

Malam Haruna, mai shekara hamsin da biyu, ya ɗaga yatsa sama kamar ɗan aji ɗaya.

“Ɗana, kai in an shahe ka da mai tun daga kai har ƙafa, an toshe maka hanci, sanyi za ka yi ko zahi?”

“Zafi, Inna.”

“To ashe ka sani.” Ta juya ga Malama Tabita. “Ɗiyata, magana biyu ce. In kunka kankare, za ta yi numfashi, amma ta tsufa, jikin ya yi laushi, ba ta daɗewa. In kunka bar ta hakanga, tana kai wasu shekaru ashirin. Sai dai ta zama bokiti.”

Malama Tabita ta ɗora tafinta a kan wuyan randar. Ta daɗe a haka, har kaji suka gama kewaya su suka tafi.

“Gara ta mutu randa da ta rayu bokiti,” in ji ta.

Malam Haruna ya roƙi a bar masa aikin. Kwana tara ya yi yana kankara, da samfefa, da tsingaro, da yashin gulbi, duk lokacin tara da duk lokacin da ba shi da aji. Yatsunsa suka yi bororo, gemunsa ya koma kore, ɗalibai suka laƙaba masa sunan da iyalan ba za su maimaita a nan ba. Harafi bayan harafi rubutunsa ya tafi. Ranar Litinin da yamma jan jikinta ya fito duka, sai ɗan kore a bayan wuya. Aka wanke ta sau uku, aka cika ta, aka rufe da faifai.

Ranar Talata da safe Malama Tabita ta shigo ta ɗora tafi a jikin randar, ta ji damshi. Ba ta gaya wa kowa ba, ta tafi aji, ta koyar da takin gargajiya tana murmushin da ɗalibai suka kasa gane dalilinsa. Wajen ƙarfe ɗaya, ɗaki ya yi shiru, sai kowa ya ji: ɗis.

Sauran malamai biyar da ke wurin suka ajiye biro. Malama Tabita ta tashi ta ɗaga faifai, moɗa ta ce tsulum. Kowa ya ɗauka kofinta za ta ciro, domin haƙƙinta ne. Sai ta wuce shi ta ciro na Malam Haruna daga ƙusa, ta cika, ta kai masa da hannu biyu.

“Malam Haruna, ina gajiya? Ya iyali? Ya yatsun?”

Ya karɓa. Ya sha, ya rufe ido, ya ce, “Har haƙori, Malama. Har haƙori.”

Ana cikin haka aka ji ƙas. Tsaga ta taso daga wuya ta gangara har gindi, a hankali, ba gaggawa, kamar yadda marigayiyar ta yi komai a rayuwarta. Ta rabe biyu. Ruwa ya malale ɗakin, waɗanda ya taɓa ƙafafunsu sun shaida cewa ba ta taɓa yin sanyi irin na ranar ba. Ƙadangaren da ke kan taga ya gyaɗa kai sau uku ya fita.

Ta rasu ta bar moɗa ɗaya, wadda har yanzu ba a iya gaya mata ba. Da faifai, abokin zamanta na shekaru. Da kofuna goma sha bakwai a kan ƙusoshi. Ta bar ɗoɗɗoyar da ta tsiro a gefen yashinta ba wanda ya shuka, da wani kwaɗo da ya yi shekara huɗu a ƙarƙashinta, wanda aka same shi ranar Laraba zaune a tsakiyar ɗaki yana kallon bango. Ta bar ƙanne shida a barandar azuzuwa, da 'yan uwa uwa ɗaya a Dodoru da Dangoma. Na'urar sanyaya ruwa, wadda yanzu ake ɗora rajista a kanta, tana nan da ranta.

Malama Tabita tana godiya ga duk waɗanda suka zo mata gaisuwa. Tana kuma so a sani cewa ta yafe wa Malam Haruna duniya da lahira, saboda haka masu tare shi a kasuwa suna tambayarsa ko yana karɓar aikin fenti su dubi girman Allah su daina.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Za a taru a ɗakin malamai da ƙarfe takwas na safe, a ɗauki marigayiyar a cikin kwando, a nufi Kambaza. Gindinta, wanda ya fita lafiya, zai tsaya a Kalgo ya ci gaba da hidima a matsayin kaskon shan ruwan kaji. Sauran kuwa Inna Kubura za ta sa a daka su a turmi, a kwaɓa garin da sabon yumɓu, a gina magajiyarta da shi. Ta ce a ba ta mako uku in rana ta yi kirki, kuma kada wanda ya aiko mata da saƙon gaggawa, yumɓu ba ya jin Turanci. Malam Haruna ya nemi alfarmar yin dakan da kansa. Ana kan duba buƙatar tasa.

Ba za a buga hoton marigayiyar a riga ko a kalanda ba. Mai son yin sadaka ya kawo dashen itace, mangwaro ko zogale, ya shuka a bayan azuzuwa, ya kuma dawo ya ba shi ruwa, domin shukawa ba ita ce wahala ba. Za a yi zaman makoki kwana uku a gindin dogon yaro. Kowa ya zo da tabarmarsa da kofinsa. Duk wanda aka gani da fiya wata, mai gadi zai raka shi har bakin titi cikin mutunci.

A ƙarshe iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya su yi kuka daidai gwargwado. Ana zafi, kuma har yanzu babu abin da za a ba mutum ya mayar da ruwan da ya zubar.